Sarkin Yawa Da Sarkin Dabara: Tarihin Sadaukar Da Sarauniya A Wasan Shaɗaranji

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san cewa da zarar an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, hirar maza takan koma gindin bishiya. Inda duk ka hangi mutane sun yi da'ira sun sunkuyar da kai ƙasa, to, ba sai ka tambaya ba, dara ake yi. A irin wannan dandali ne, a ƙauyen kakannina da ke tsakanin garuruwan nan biyu, na fara ganin wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Akwai wani ƙanen kakana, gwanin dara, wanda yakan zuba ido abokin karawarsa ya ci masa ɗa ɗaya, ya ƙara cin na biyu, 'yan kallo suna ta salati, shi kuwa yana taunar goronsa. Can sai ka ga wasa ya juye, tsoho yana ci a kowane taku har ya share gidan abokinsa. Ran nan na ce masa, "Kaka, me ya sa kake bari a ci maka 'ya'ya kana gani?" Ya yi dariya ya ce, "Abokina, mai ƙirga 'ya'ya daban, mai ƙirga gidaje daban."

Sai da na zo jami'a na ga ɗalibai suna yin wasan shaɗaranji, wasu a kan allo wasu a wayar hannu, sannan na gane cewa maganar tsohon nan tana da tarihi mai tsawo a wata duniyar. A cikin wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bin sawun wannan tarihi, watau yadda gwanayen shaɗaranji suka riƙa bayar da ɗansu mafi daraja don su ci wasa, sa'an nan in dawo gida in faɗi abin da nake ganin ya shafe mu.

Wasan Da Darajar 'Ya'yansa

Sunan shaɗaranji ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu. Duk almajirin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya gamu da kalmar a wurin da littafin ya hana wasa da ita, kuma a cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi wasan. Malamin da ya karantar da ni da "dara" ya fassara mini ita. Hukuncin wasan na malamai ne, ni tarihinsa kawai na sa a gaba.

Ana yin wasan a kan allo mai gidaje 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16: sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, soro biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Masana wasan sun yanka wa kowane ɗa kimarsa: dakare 1, doki 3, giwa 3, soro 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da kima domin shi ne wasan gaba ɗaya. Idan aka kai masa hari, watau aka yi masa kashedi, tilas mai shi ya bar duk abin da yake yi ya kare shi, idan kuwa aka rutsa shi babu mafita, wasa ya ƙare, ko da sauran rundunarsa tana nan cif. A nan ne asirin sadaukarwa yake. Tun da sarki kaɗai ake nema, mutum yana iya zubar da dukiyarsa duka, muddin abin da ya rage masa ya isa ya kama sarkin abokin gaba.

Zamanin Da Babu Sarauniya

Asalin wasan daga ƙasar Indiya ne, wajen ƙarni na 6, inda aka siffanta shi da rassa huɗu na rundunar yaƙi: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Daga can ya shiga Farisa, da Musulmi suka ci Farisa a ƙarni na 7 kuma sai Larabawa suka karɓe shi. A Bagadaza ta Abbasiyawa aka sami manyan gwanaye irin su Al-Adli, wanda ya rubuta littafi a kan wasan wajen shekarar 840, da As-Suli, wanda ya yi suna a fadar Halifa Al-Muktafi.

Abin lura shi ne, a wancan zamani babu sarauniya a kan allo. Ɗan da ke tsaye kusa da sarki sunansa firzan, watau mai ba sarki shawara, kuma gida ɗaya tak yake takawa, shi ma a karkace. Yana cikin 'ya'ya mafi rauni. Ɗan da ya fi kowa ƙarfi shi ne rukh, karusar yaƙi, wanda daga baya Turawa suka sassaƙa shi da siffar soro. Saboda haka babbar bajinta a lokacin ita ce a bayar da soro.

Larabawa sun bar mana ɗaruruwan matsaloli da suke kira mansubat, inda za a jera 'ya'ya a ce wa mutum ya nemo hanyar cin wasa. Mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ake dangantawa da wata mace mai suna Dilaram. Labarin, wanda hikaya ce, ya ce wani basarake ya yi ta caca da shaɗaranji har ya rasa dukiyarsa, daga ƙarshe ya sa matarsa Dilaram a matsayin abin ci. Wasa ya kai inda saura taku ɗaya a kashe sarkinsa, sai matar, wadda ke kallo, ta faɗa masa ya bayar da sorayensa biyu kada ya bayar da ita. Ya miƙa na farko aka ci, ya miƙa na biyu aka ci, kowane da kashedi, sai ga shi dakare da doki sun rutsa sarkin abokin karawarsa. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, jerin 'ya'yan yana nan, kuma duk wanda ya gwada zai ga lissafin daidai yake.

Yadda Sarauniya Ta Sami Ƙarfi

Ta hanyar Andalus da tsibirin Sisili wasan ya shiga Turai. Tun wajen shekarar 1000 Turawa suka fara kiran firzan da sunan sarauniya, amma tafiyarta ba ta sake ba har kusan shekara 500. Sai wajen 1475, a birnin Balansiya na ƙasar Sifaniya, aka ga sabuwar doka: sarauniya ta haɗa tafiyar soro da ta giwa, tana iya ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan a taku ɗaya. Don mai karatu ya kwatanta, wannan ya faru ne a zamanin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano (1463 zuwa 1499). Wasu masana suna danganta canjin da Sarauniya Isabella wadda ta hau gadon Kastila a 1474, ko da yake ba kowa ne ya yarda da haka ba. Larabawa dai har yau waziri suke kiran wannan ɗa.

Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wasan da a da yake tafiyar hawainiya ya koma na gaggawa, kuma da aka sami ɗa mai irin wannan ƙarfi, nan da nan aka fara tunanin bayar da shi. A cikin littafin Lucena da aka buga a Salamanka a 1497 an riga an nuna wata dabara inda ake miƙa sarauniya kusa da sarkin abokin gaba, a tilasta wa soronsa ya ci ta, ta haka ya toshe wa sarkinsa ƙofa da kansa, sai doki ya zo ya gama aiki. Dara ta ci gida ke nan. A 1750 kuma, a birnin Paris, wani gwani mai suna Legal ya bar sarauniyarsa a taku na 5, abokin wasansa ya yi wuf ya cinye, a taku na 7 aka kashe masa sarki. Har yau ana kama sababbin 'yan wasa da wannan tarko, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Wasan 1851

A shekarar 1851, shekarar da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, aka yi gasar shaɗaranji ta ƙasa da ƙasa ta farko a Landan. Wanda ya lashe ta shi ne Adolf Anderssen, malamin lissafi daga birnin Breslau. Amma wasan da ya dawwamar da sunansa ba a cikin gasar aka yi shi ba. Ranar 21 ga Yuni ya zauna wasan nishaɗi da Lionel Kieseritzky, wanda ke koyar da shaɗaranji a Paris.

Ga yadda abin ya gudana a taƙaice. A taku na 11 Anderssen ya bar giwarsa aka ci. A taku na 18 da na 19 ya bar sorayensa biyu aka kwashe. A taku na 22 ya miƙa sarauniya, a na 23 kuwa giwa ɗaya da dawaki biyu da suka rage masa suka rutsa sarkin Kieseritzky. Idan aka yi lissafi, manyan 'ya'yan da Anderssen ya bayar kimarsu 22 ce, ban da dakaru biyu, shi kuwa dakaru uku kacal ya ci.

To, yaya aka yi mai 'ya'ya kaɗan ya ka da mai yawa, alhali Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi? Amsar tana kan allo. A cikin taku 19 na farko Kieseritzky ya motsa sarauniyarsa sau takwas tana yawon ci, ya bar sauran rundunarsa a gida. Lokacin da aka kashe sarkinsa, sarauniyarsa da giwarsa ɗaya suna can ƙarshen allo inda suka je cin soraye, sorayensa biyu da ɗaya giwar kuwa ko taku ɗaya ba su yi ba. Yawan yana nan a lissafi, amma a unguwar da ake faɗan Anderssen ne mai yawa. Karin maganar ba ta faɗi ba, sai dai tana bukatar a tambayi mai faɗinta: yawa a ina?

Bayan shekara bakwai, a 1858, wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 21, Paul Morphy, ya ba da irin wannan darasi a gidan wasan kwaikwayo na Paris, inda ya kara da wasu sarakai biyu da suka haɗa kai, Duke na Brunswick da Count Isouard. A taku na 16 ya miƙa sarauniya, a na 17 ya gama da su. Soro ɗaya da giwa ɗaya suka rage masa cikin manyan 'ya'ya, su kuwa suna da sarauniya, soro, giwa da doki, sai dai soron da giwar suna zaune a inda aka ajiye su tun farkon wasa.

Mai Tsaron Gida Ya Farka

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya yi kyauta da 'ya'yansa ya ci riba. Gwanayen wancan zamani sun ci sa'a ne a kan abu biyu: mutane ba su iya tsaron gida sosai ba, kuma ana ganin abin kunya ne a miƙa maka ɗa ka ƙi ci. Wanda ya kawo ƙarshen wannan yayi shi ne Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886. Koyarwarsa ita ce, ba a kai hari sai an tara ƙananan fifiko da za su halatta shi, kuma harin da ba shi da tushe, idan mai tsaro ya natsu, kansa zai koma wa mai shi. Tun a 1879 Steinitz ya nuna cewa a taku na 18 na wasan Anderssen, da Kieseritzky ya fara cin ɗaya soron sa'an nan ya janyo sarauniyarsa baya don tsaro, da labarin ya sha bamban. Watau wasan da aka fi yabo a tarihi yana da ɓaraka a cikinsa. Daga nan aka shiga zamanin da garin neman gira mutane da yawa suka rasa ido, aka koma awo da lissafi kafin a saki ko da dakare.

Sadaukarwa Iri Biyu

A 1935 gwanin nan na Austiriya, Rudolf Spielmann, ya rubuta littafi a kan sadaukarwa, ya kasa ta gida biyu. Akwai ta jeka-na-yi-ka, wadda mai yin ta ya riga ya hango ƙarshe, ya san ko dai zai kashe sarki ko kuma dukiyarsa za ta dawo da riba. Ta Legal da ta Morphy irin wannan ce, rance ne kawai. Akwai kuma ta gaskiya, wadda mutum zai bayar ba tare da ya ga ƙarshen hanya ba, ya ci gaba da wasa da gibi a rundunarsa, yana dogaro da kyawun mazaunin 'ya'yansa.

Misalai biyu za su fayyace wannan. Ranar 17 ga Oktoba 1956, a birnin Niyok, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Bobby Fischer ya kara da Donald Byrne. A taku na 17 ya bar sarauniyarsa a bakin ci. Byrne ya ci, yaro kuwa ya bi shi da kashedi a jere, yana yi yana tsintar 'ya'ya, har ya tara soro, giwa biyu da dakare. Ya ba da 9 ya karɓi 12, kuma ƙananan 'ya'yan nan da suka haɗa kai sun hana sarauniyar Byrne sakat har aka kashe sarkinsa a taku na 41. Yawa shi kan sa zare ya ja dutse.

Misali na biyu ya fi ban mamaki. A 1962, a birnin Rostov na ƙasar Rasha, Rashid Nezhmetdinov, Batatare mazaunin Kazan, ya ba Oleg Chernikov sarauniya a taku na 12, ya karɓi giwa da doki kawai. Ya ba da 9 ya karɓi 6, kuma babu wani kisa da ke kusa. Abin da ya saya shi ne raunin baƙaƙen gidajen da ke kewaye da sarkin Chernikov, tun da giwar da ke tsaron su ta tafi. Ya yi ta matsa lamba a hankali har abokinsa ya sallama a taku na 33. Wani abin sha'awa shi ne, wannan mutum gwani ne kuma a darar Rashawa, wadda 'ya'yanta duk darajarsu ɗaya kamar tamu.

Da kwamfuta ta shigo, musamman bayan da na'urar Deep Blue ta ka da Garry Kasparov a 1997, mutane sun zaci an binne sadaukarwa, tun da na'ura ba ta jin tsoro, kuma idan an ba ta za ta ci ta kare kanta. Amma a 2017 wata manhaja mai suna AlphaZero, wadda ta koya wa kanta wasan, ta kara da Stockfish wasa 100, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba, kuma an ga tana bayar da dakaru da manyan 'ya'ya don ta ɗaure rundunar abokin gaba. Ashe na'ura ma gidaje take ƙirgawa.

Komawa Gindin Bishiya

Darar da na sani a wurarenmu gurabe 30 gare ta, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da tsinken kara. Da farko a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga tafiya gida-gida, wanda duk ya jera uku ya ɗauke ɗa ɗaya na abokinsa. Babu sarki, babu sarauniya, saboda haka gibin da ake samu na yawa ne kawai. Abin da ƙanen kakana yake yi shi ne, maimakon ya ɓata taku wajen tare abokinsa, sai ya bar shi ya ci, shi kuwa yana gina wani mazauni inda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika uku. Ya sayar da 'ya'ya biyu ya sayi lokaci da wuri. Wannan ita ce hikimar Anderssen, ita ce ta Nezhmetdinov, ba tare da tsohon ya taɓa jin sunansu ba.

Bambancin da ke tsakani guda ɗaya ne, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wasan 1851 ya iso gare mu ne domin Kieseritzky, wanda aka ka da, shi da kansa ya rubuta shi taku-taku ya buga a mujallarsa ta Paris a cikin shekarar. Saboda haka ne Steinitz ya sami abin dubawa bayan shekara 28, saboda haka ne kuma ɗalibi a Kano zai iya jera shi yau a wayarsa. Ƙanen kakana kuwa Allah ya yi masa rasuwa ina aji biyar na sakandare. Ya yi dara fiye da shekara hamsin, amma ko wasa ɗaya nasa ba ni da shi. Da yamma ta yi awaki sukan bi ta kan guraben, da safe a sake tona sababbi.

Kammalawa

A taƙaice mun ga cewa sadaukar da babban ɗa ta faro tun daga soron Larabawa, ta koma kan sarauniya bayan 1475, ta kai ƙololuwa a hannun Anderssen da Morphy, Steinitz ya sa mata linzami, sa'an nan ta dawo da sabon salo a ƙarni na 20. A kowane zamani darasin bai sake ba: kimar ɗa tana ga inda yake tsaye da aikin da yake yi.

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai na wannan ƙungiya shi ne, mu da muke tattara karin magana da tatsuniyoyi da waƙoƙin baka, mu sa dara a cikin lissafi. Aikin ba shi da wuya. A ba gurabe 30 ɗin nan lamba daga 1 zuwa 30, a zauna kusa da gwanaye da littafi da biro, a rubuta kowane dashe da kowane taku, a tambaye su sunan da suke kiran kowace dabara, a kuma lura da yadda doka take sakewa daga gari zuwa gari. Gaya, wadda tarihin baka ya ce daga cikinta maƙerin da ya ba Kano sunansa ya fito, har yanzu tana da tsofaffin da suka san wannan ilmi, haka ma Ajingi da ƙauyukanta irin su Toranke da Balare. Ni dai na yi niyyar farawa a hutun kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wanda duk yake da gwani a garinsu, ya taimaka ya rubuto mana ko da wasa ɗaya ne, tun ana iya samunsa a gindin bishiya.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa mu dace, amin.